Rigar 'Yar Tsana Ma Riga Ce

'Ya'yana da ƙannena,

A hutun babbar sallar da ta wuce, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai 'yar wana ta zo ta miƙo mini waya tana dariya. Ta ce, "Gwaggo, dubi wata 'yar Japan, babba da ita, tana wasan 'yar tsana." Na karɓa na duba. Fuskar matar ba ta fito ba, hannayenta kawai ake gani, da allura, da wani ƙyalle da bai fi tafin hannu ba. Kimono take ɗinka wa 'yar tsana, wato rigar gargajiyar ƙasarsu. Sau uku na kalla, har shinkafar ta sha tsattsagar kaji. Yarinyar wasa ta gani. Ni kuwa tela na gani, ƙwararriya, wadda ta san rigar ƙasarta ciki da bai, har ta iya mayar da ita tsawon ɗani ɗaya ba tare da ta zubar da ko gaɓa guda ba. Na tambayi 'yar wan nawa, wadda ta shekara biyu tana koyon keken ɗinki, ko za ta iya yanka mini babbar riga ta 'yar tsana. Ta yi shiru, can ta ce ai babbar riga ba a koya musu. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Mu da muka tashi a Haɗejiya kafin roba ta cika kasuwa, 'yar tsanarmu ta kara ce, ko ta ƙashin ƙafar rago bayan layya. Idan sallah ta matso, sai mu yi dandazo a bakin shagon tela muna roƙon ƙyalle. Mai kirki ya ce ku kwashe, mai faɗa ya kore mu, mu zagayo ta baya. Da waɗannan ƙyallaye muke haɗa lefe a kwalin ashana, mu ɗaura wa amarya zani, mu naɗa mata kallabi, a yi biki har da kai amarya gidan maƙwabta. Ba wanda ya kira wannan makaranta, amma a nan na fara zura zare a allura, a nan na san cewa yadi yana da tsaye yana da kwance, kuma idan ka yanka shi a karkace zai ja. Maza kuma suna can suna ƙera motar kara da dokin laka. Yau 'yar tsana tana zuwa daga Sin da rigarta a jikinta, an liƙe da gam. Yarinya ba ta da abin yi da ita sai ta tsefe mata gashi ta cire mata ƙafa.

Bari in gaya muku yadda kimono take, don ku gane abin da ya sa na ce matar nan ƙwararriya ce. Yadin kimono ba irin namu mai faɗi ba ne. Ana saƙa shi siriri, faɗinsa wajen inci 14 ko 15, tsawonsa wajen yadi 13, kuma turmi ɗaya riga ɗaya ce. Ana yanka shi gida 8: biyu na jiki, biyu na hannu, biyu na gaba da ake ɗora ɗaya kan ɗaya, sai wuya da abin da ake rufe wuyan da shi. Kusan duk yankan miƙaƙƙe ne, ba lanƙwasa, ba a rarake hammata, ba a zubar da komai. Idan rigar ta yi wa mai ita yawa, ba a datse yadin, a cikin ɗinki ake ɓoye rarar. Shi ya sa a da, idan za a wanke ta, sai a warware ɗinkin gaba ɗaya, a wanke yadin, a shanya shi a miƙe, sannan a sake ɗinkewa. Riga ba ta da maɓalli. Ɗamara mai faɗi da suke kira obi ita ke riƙe ta, a ƙulle ta baya. Budurwa tana sa mai dogon hannu da ke zubowa har kusa da idon sawu, sunanta furisode. Matar aure kuma hannun rigarta gajere ne. Ka ga tun daga nesa riga ta faɗi matsayin mai ita, kamar yadda a wurinmu ɗaurin zani da yafa mayafi suke faɗa.

Akwai ƙa'ida guda da ba sa wasa da ita: ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa. To, ko 'yar tsana ce, mai ɗinkin da ya juya wannan ya tona wa kansa asiri, don duk ɗan ƙasar da ya gani zai san ba a gida ya koya ba. Ƙanƙantar riga ba ta sa an yafe mata ƙa'ida ba.

Wannan kulawa tana da tushe. Kowace shekara ranar 3 ga Maris suna bikin da suke kira Hina Matsuri, ranar 'ya'ya mata. Gidan da yake da 'ya mace yakan jera 'yan tsana a kan matakala da aka shimfiɗa wa jan yadi. Cikakken jeri hawa 7 ne da 'yan tsana 15: sarki da sarauniya a sama, sai kuyangi, da makaɗa, da fadawa, kowa cikin irin tufafin fadar zamanin Heian, wanda ya fara a 794 ya ƙare a 1185. Aƙidar da ke bayan bikin tasu ce, ba tamu ba, kuma ba ita nake tallata muku ba. Abin da nake so ku lura shi ne, yarinya 'yar shekara biyar a Japan ta san yadda kakannin kakanninta suke sa tufafi shekara dubu da ta wuce, don ta gani da idonta a ɗakin uwarta. Ku kuwa, wa zai iya zana mini rigar da Sarkin Haɗejiya Buhari yake sawa, ko irin wadda mayaƙan Haɗejiya suka fita da ita ranar da aka gwabza da Turawa a 1906? Shekara ɗari da 'yan kai ne kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna na yi tunani shi ne, ashe kimono da babbar riga 'yan uwan juna ne a dabara, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba. Masaƙinmu ma siririn yadi yake saƙawa, ƙwarya-ƙwarya, wata faɗinta bai wuce yatsu uku ko huɗu ba, ta turkuɗi ma ba ta kai haka ba. Sai a jera ƙwaryoyin a ɗinke su gefe da gefe har su yi faɗin riga. Yankan miƙaƙƙe ne, sai cuna da ake sakawa don ƙasan rigar ya buɗe, sai shafi da ake yi mata daga ciki a bakin ƙasa. Aljihu babba yana ƙirji ta hagu, a kansa ne askake suke sauka, aska biyu ko aska takwas, tambari kuma yana dama, wani yana baya. Akwai saƙi, akwai barage, akwai tsamiya. Da Bajamushe Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wannan yadi da ake saƙawa a rina, wanda ya ce yana kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Yau idan kana son ganin tsohuwar riga da aka yi mata aiki da hannu tun daga zare, wani lokaci sai a ce maka tana gidan tarihi a Landan.

Mu a nan ƙasar fadama muna da wani dalilin da ya sa abu ba ya daɗewa. Ruwa. Ambaliyar 2022 ta shiga ɗakin kakanmu a ƙauye, inda wata rigarsa ta saƙi take ajiye a adaka tun rasuwarsa. Da ruwa ya janye aka buɗe, sai ta narke a hannu kamar dafaffen rama. Ba mu da hotonta. Ba wanda ya ƙirga ƙwaryoyinta ko ya auna aljihunta. Na sha sa hannu na shafa aikinta ina yarinya, amma yau ko da wuƙa a wuyana ba zan iya faɗin yadda aka haɗa kafaɗarta ba. Da a ce wani cikinmu ya taɓa zama ya kwaikwaye ta a ƙarami, dole ya ƙirga, dole ya auna, kuma da ilimin ya zauna a hannunsa inda ruwa ba ya kaiwa.

Nasihata ke nan, kuma ba ta da tsada. Ku ɗinka tufafinmu a ƙanana, amma ku ɗinka su daidai. Kafin ku taɓa almakashi, ku nemi rigar gaske. Ku roƙi kaka ta buɗe muku akwati, ku juya rigar ciki waje, ku bi ɗinkin da yatsa. Ku je wurin tsohon tela, irin wanda ya fara da hannu kafin ya sayi keke, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce, "Baba, yaya ake saka cuna?" Zai fara da cewa me za ku yi da ita, sannan ya yi awa biyu yana bayani, don shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi. Ranar hawan sallah, maimakon ku ƙare da ɗaukar hoton kanku, ku tsaya ku dubi hakimai da mutanensu da suka shigo daga Auyo da Kafin Hausa da Birniwa da Guri: yadda alkyabba take zama a kafaɗa, yadda aka naɗa rawani, inda wando mai kamun ƙafa yake tsukewa. Kuma kada ku ɗauka kowa a masarautar nan shigarsa ɗaya. Bafulatanar da ke kawo nono, da Babarbariya, da matan Badawa da Mangawa na wajen Guri da Kirikasamma, kowacce da yadda iyayenta suke ɗaura zani da kitsa kai. Wanda ya sa wa 'yar tsana farar riga mai jan zare ya ce ya gama da Fulani, ƙaramin sani ya yi masa ƙuƙumi.

Yanzu ga abin da zai ba ku wahala, gara ku ji tun daga yanzu. 'Yar tsana irin Barbie tsawonta inci 11 da rabi ne, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na mutum. Saboda haka duk awo sai ku raba shi gida shida: rigar da tsawonta inci 54 ne za ta koma inci 9. Lissafin ba wuya. Matsalar ita ce, awo yana raguwa amma kaurin yadi ba ya raguwa. Shaddar da take zubowa lumui a jikin mutum, a jikin 'yar tsana tsayawa take ƙiƙam kamar kwali. Don haka ku nemi yadi marar kauri, ku wanke shi sitacin ya fita. Tsohon kallabi da ya sha wanki ya fi sabon yadi daɗin aiki. Haka zane: atamfar da furenta ya kai faifai, idan kuka yanka ta, rigar duka za ta ƙare a cikin ganye ɗaya, ba wanda zai gane atamfa ce. Ku zaɓi mai ƙananan zane, ko ku yanko daga inda zanen ya yi sirara. Masu ɗinkin kimono na 'yan tsana sukan yi yawon neman tsofaffin riguna na siliki don wannan dalili, su warware su, su zaɓi inda furen ya dace da bayan riga ko bakin hannu.

Keke yana cinye ƙaramin ƙyalle, ya tura shi cikin rami. Wuya da hannu da kalmasa, da hannu za ku yi su, da siririyar allura da zare ɗaya, ba ninki biyu ba. Abin da za ku bari a bakin ɗinki kada ya wuce rubu'in inci, kuma kowane ɗinki kuka gama ku goge shi kafin ku shiga na gaba. Na san za ku ce ba wuta. Dutsen guga na gawayi yana nan, iyayenku da shi suka yi aure. Aikin aska kuwa, zaren surfani sai kun raba shi sili-sili, kuma ba za ku iya sa duk abin da ke jikin babbar riga ba. A nan ne gwaninta take: sanin abin da za a rage rigar ta ci gaba da zama aska takwas, da abin da idan aka cire shi ta tashi daga sunanta. Wanda bai san rigar ba ba zai san wannan ba.

Wani abu kuma da na koya da asara: rini yana kama jikin roba. Na taɓa ɗaura wa 'yar tsanar jikata baƙin zani na rinin baba, bayan mako biyu na kwance, na tarar cinyoyinta sun yi shuɗi, kuma har yau ba su koma ba. Yarinyar ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Yadi mai duhu ko ja, ku wanke shi har ruwan ya fito fari, ku kuma yi masa shafi da farin yadi daga ciki.

Na san tambayar da ke bakinku: Gwaggo, akwai kuɗi a ciki? Ba zan yi muku alƙawarin abin da ba ni da shi a hannu ba, amma ga abin da ya faru. Lokacin da kamfanin Mattel ya fito da Barbie a birnin Niyu Yok ranar 9 ga Maris 1959, a Japan aka ƙera ta, kuma matan Japan ne suke ɗinka kayanta da hannu a gidajensu.  Daga baya, a 1967, kamfanin Takara ya fito da tasu, Licca-chan, mai kama da 'ya'yansu. A nan gida, Taofick Okoya ya fara Queens of Africa a Legas a 2007, 'yan tsana baƙaƙe cikin shigar Yarbawa da Ibo da Hausawa. A ƙarshen 2015 kuma Haneefah Adam, 'yar Ilori, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna tana sawa a Instagram da sunan Hijarbie, har jaridun duniya suka ɗauka. Bayan shekara biyu Mattel da kansa ya sanar da Barbie mai hijabi, wadda aka yi da siffar 'yar wasan takobin Amurka Ibtihaj Muhammad. Ban ga laifin ɗan Legas da ya yi wa 'yar tsana shigar Hausawa ba, ya ma kyauta. Sai dai ina jin kunya a ce daga can za a nuna wa duniya yadda muke ɗaura kallabi, mu muna zaune a kan buhunan ƙyalle muna zubarwa a bola.

Kasuwa ta farko ma ba sai kun haye teku ba. Makarantu suna ranar al'adu kowace shekara, kuma malamai suna neman abin nunawa. 'Yan uwanmu da ke zaune a Jidda ko Landan suna son abin da za su nuna wa 'ya'yan da ba su taɓa ganin hawan sallah ba. Ke mai shagon ɗinki, ki ɗinka samfurin kowane yayi a ƙarami ki rataye, mai kawo ɗinki ta taɓa da hannunta ta zaɓa, maimakon ta nuna miki hoto a waya ku rabu da rigima ranar karɓa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A 1945, da yaƙin duniya ya bar Faransa ba yadi, manyan telolin Faris sun ɗinka sababbin yayinsu a jikin ƙananan gumakan waya sama da 200, aka zaga da su biranen Turai da Amurka, ta haka suka sanar da duniya cewa suna nan da ransu. Abu ɗaya zan ja muku kunne a kai: ku ƙirga lokacinku. Mutanenmu suna auna kuɗin ɗinki da yawan yadi, za su ce miki, "Wannan ɗan abin?" Ƙaramar riga mai aikin hannu tana iya cin kwana uku. Idan kika sayar da ita kuɗin ƙwai biyu, kin cuci kanki kin cuci ta bayanki. In ba su biya ba, ki ajiye abinki.

Saura maganar addini, don na san wani zai tayar da ita, kuma yana da gaskiyar tayarwa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma daga nan ne malamai da yawa suka yi sauƙi a kan abin wasan yara. Babba ya tara masu cikakkiyar sura ya jera don ado kuwa, wannan akwai magana a kai, kuma ni ba malama ba ce; kowa ya tambayi malaminsa. Amma ku lura, sana'ar da nake kiran ku gare ta ta riga ce, ba ta fuska ba. Mutanen Japan kansu sukan rataye kimono mai daraja a kan sanda, hannayenta a buɗe, ba kowa a ciki, a zo a kalla. Kara biyu da aka gicciya sun isa su ɗauki babbar riga. 'Yar tsanar kakanninku ma ba ta da ido ba ta da hanci, kuma ba wadda ta taɓa kukan rashinsu.

Ku maza da kuke karantawa kuna murmushi, kuna cewa wannan zancen mata ne, ku tuna aska takwas maza ne suke ɗinka ta, yawancinsu ma almajirai da malamai, a zaure, tsakanin azahar da la'asar. Hular da ke kanku ma wani ne ya zauna ya tsira mata allura sau dubbai.

'Yar wan nawa dai ta koma Kano bayan sallah. Kafin ta tafi na ba ta wani tsohon farin kallabina, na ce ta tsaga shi sirara-sirara, faɗin rabin inci, ta haɗa su da hannu kamar ƙwaryar masaƙi, ta yanka mini riga. Makon jiya ta aiko da hoto. Haɗin ya yi kyau fiye da zatona, wuyan ma ya zauna. Sai dai ta sa aljihun a dama. Na ce ta warware.